Yadda Ake Zana Iko: Tambayoyi da Amsoshi Kan Hotunan Sarakuna da Shugabannin Tarihi

Ɗalibin da aka ce ya yi sharhi a kan zanen wani tsohon sarki, da mai ziyarar gidan adana kayan tarihi da ya tsaya gaban wani ƙaton mutum-mutumi, tambayoyinsu sukan zo kusan iri ɗaya. Ga waɗanda suka fi maimaituwa, daga masu sauƙi zuwa masu zurfi.

Me ake nufi idan aka ce zane yana nuna iko?

Ana nufin an shirya shi ne domin mai kallo ya ji a jikinsa cewa mutumin nan ya fi shi, kuma ya cancanci biyayya. Kafin zuwan kyamara, yawancin talakawan babbar daula suna rayuwa har su mutu ba su taɓa sa sarkinsu a ido ba. Abin da suka sani na kamanninsa shi ne abin da aka buga a jikin tsabar kuɗi, ko aka sassaƙa a ƙofar birni, ko aka kafa a dandali. Sarkin da ya san haka ba zai bar al'amarin hotonsa sakaka ba.

Hanya mafi sauƙi ta fahimtar irin wannan zane ita ce a ɗauke shi a matsayin kirari da aka yi da launi ko da dutse. Kirari yana kama wani abu na gaskiya, ya kambama shi, ya yi shiru a kan sauran. Duk amsoshin da ke ƙasa a kan wannan suka ginu.

Me ya sa sarki yakan fi kowa girman jiki a tsofaffin zane-zane?

Domin girman jiki a nan ma'aunin daraja ne. A wani faifan dutse na Masar da ya kai kimanin shekara 5,000, wanda ke Alƙahira yanzu, an sassaƙa Sarki Narmer ya ɗaga kulki zai kwaɗa wa wani da ya durƙusa a gabansa, yayin da mai riƙe masa takalmi bai wuce tsawon ƙafarsa ba. A Abu Simbel, mutum-mutumin Ramsis na 2 guda huɗu ne a zaune, kowanne ya kai kusan mita 20, matarsa da mahaifiyarsa da 'ya'yansa suna tsaye ƙanana a gefen ƙwaurinsa. Masu sassaƙar sun iya awo sarai, da gangan suka yi.

A allunan tagulla na masarautar Binin ma haka abin yake. Oba ne a tsakiya, babba, fadawa suna tallafe da hannayensa ta dama da hagu, bayi kuwa 'yan mitsi-mitsi ne a gefe. A Ife kuma kai ake girmamawa fiye da sauran jiki, saboda a tunanin Yarbawa kai ne mazaunin rabon mutum da ƙaddararsa.

Kayan da suke sanye da su da waɗanda ke hannunsu fa, kowanne yana da ma'ana?

Kusan kowanne. Zanen da ya fi dacewa a koyi wannan karatu da shi shi ne na Luwis na 14 na Faransa, wanda Hyacinthe Rigaud ya yi a 1701, yana gidan tarihi na Louvre a Paris. Alkyabbarsa shuɗiya ce, an yi mata ado da furen zinariya wanda shi ne tambarin gidan sarautar Faransa, cikinta kuma farar fata ce mai tsada wadda manya kawai ke sawa. Ya yaye gefen alkyabbar domin a ga takobin sarauta a ƙugunsa. Dugadugan takalminsa jajaye ne, alamar manyan fada. Amma abin lura na gaske shi ne kambin ba ya kansa, yana ajiye a kan matashi a gefe, sandar mulkin ma ya juya ta kai ƙasa ya dogara da ita kamar sandar tafiya. Abin da yake faɗa shi ne: ni ne sarautar, waɗannan kayan nawa ne kawai.

Launi ma yana magana. A Rum, rinin shunayya da ake tatsowa daga wani dodon koɗi na teku tsadarsa ta sa ya zama na sarakuna, har doka ta shiga ciki. A ƙasar Sin zamanin daular Qing, rawaya mai haske ta sarki ce, tare da siffar dodon nan nasu mai farce biyar. A Binin kuwa jan murjani ne, kuma Oba ne ke da ikon ba wani izinin sa shi.

Me ya sa doki ya yi yawa haka a hotunan masu mulki?

Doki dabba ce mai ƙarfi da za ta iya ka da mahayinta, saboda haka wanda ya sarrafa ta cikin natsuwa ya nuna zai iya sarrafa jama'a. Ga shi kuma yana ɗaga mutum sama da kowa, dole a ɗaga kai kafin a kalle shi. Uban irin waɗannan ayyuka shi ne mutum-mutumin tagulla na Sarki Markus Oreliyas a birnin Rum, wanda aka yi a ƙarni na 2: ba sulke, ba makami, ba ma likkafa, hannunsa na dama kawai ya miƙa. Irinsa da yawa an narkar da su, shi ya tsira ne saboda mutanen baya sun zaci Kustantin ne, sarkin Rum na farko da ya karɓi addinin Kirista.

Misalin da ya fi shahara shi ne na Napoliyon yana haye tsaunukan Alps, wanda Jacques-Louis David ya fara zanawa a 1801, ya yi shi har kwafi 5. Ingarma ta yi tsaye da ƙafafun baya, iska tana kaɗa mayafinsa, shi kuwa fuskarsa ko gezau. A kan duwatsun ƙasa an rubuta sunansa kusa da na Hannibal da Sharliman, jarumawan da suka haye tsaunukan kafin shi. A zahiri, a watan Mayu na 1800 alfadari ya hau, ɗan jagora yana jan masa linzami, domin alfadari ya fi doki sanin takun dutse. A 1850 Paul Delaroche ya zana shi a haka, a kan alfadarin, jikinsa a takure saboda sanyi. Wanda ya jera zanen biyu ya kalla ya koyi rabin wannan ilimi.

Akwai wata magana da ke yawo cewa idan ƙafafun dokin gaba biyu suna sama to mahayin a fagen yaƙi ya mutu, idan ɗaya ce rauni ya ji. Wannan ba ƙa'ida ba ce. Napoliyon ɗin nan da dokinsa ya ɗaga ƙafa biyu a kan gadonsa ya mutu, a tsibirin Saint Helena a 1821.

To shin kamanninsu na gaskiya ke nan?

Sau da yawa akwai kama, amma an gyara. Ogustas, sarkin Rum, ya mutu yana da shekara 75 a shekara ta 14 miladiyya, duk da haka babu mutum-mutuminsa na hukuma da ya nuna tsoho, ko yaushe saurayi ne mai santsin fuska. Luwis na 14 yana da shekara 63 lokacin da Rigaud ya zana shi. Fuskar ta dattijo ce, ƙafafun kuwa na matashin ɗan rawa ne. Elizabeth ta 1 ta Ingila ta kusa shekara 70 aka ci gaba da zana ta da fuskar budurwa, kuma a 1596 majalisarta ta ba da umarni a nemo hotunanta da ba su dace ba a lalata su.

Wani lokaci ma mai zanen bai taɓa ganin mutumin ba. Hoton Mansa Musa na Mali da kowa ya sani, yana zaune riƙe da dunƙulen zinariya, daga wata taswira ya fito da aka yi a tsibirin Mayorka, cikin Sifaniya ta yau, a 1375, bayan rasuwarsa da shekaru. Kambin da ke kansa da sandar hannunsa irin na sarakunan Turai ne. Abin da hoton ke ba mu labarinsa shi ne yadda sunan dukiyar Mali ya kai Turai bayan aikin hajjinsa na 1324.

Yaya ake nuna cewa mulkin daga sama ya zo?

Wannan ita ce da'awa mafi girma da mai mulki zai yi, kuma tun fil azal ake yin ta. A saman dutsen da aka rubuta dokokin Hamurabi na Babila, kimanin shekara 1750 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), an sassaƙa shi tsaye gaban Shamash, abin bautarsu na rana da shari'a, yana miƙo masa sanda da zobe. Ma'ana, wanda ya karya dokokin da ke ƙasa ba da sarki kaɗai ya yi faɗa ba. Naram-Sin na Akkad, ƙarnuka kafin shi, ya wuce nan: ya sa an yi masa kwalkwali mai ƙaho, wanda a al'adarsu abubuwan bauta ne kawai ke sa shi.

A cocin San Vitale da ke Ravenna a Italiya, akwai hoton Sarki Jastiniyan na Daular Rum ta Gabas da aka haɗa da ƙananan duwatsu masu launi wajen shekarar 547. Da'irar haske tana kewaye da kansa, sojoji a damansa, malaman coci a hagunsa, shi a tsakiya yana haɗa takobi da addini. Bai taɓa taka Ravenna ba, hoton ne ya wakilce shi a birnin da sojojinsa suka ƙwato.

Wanda ya fi burge ni shi ne na Jahangir, sarkin Mugal na Indiya, wanda Bichitr ya zana tsakanin 1615 da 1618. Yana zaune a kan wani ƙaton agogon yashi, rana da jinjirin wata a bayan kansa, yana miƙa littafi ga wani shehin Sufaye. Sarkin Turkiyya da Sarki James na Ingila suna ƙasa suna jiran layi. Da kallo ɗaya an nuna tawali'unsa ga malamai, an kuma nuna sarakunan duniya a ƙarƙashinsa suke.

Sarakunan Musulmi da ba su cika son hoton mutum ba fa, da me suka nuna iko?

Da rubutu da gini. Halifa Abdulmalik ɗan Marwan ya fara buga kuɗi da hoton halifa a tsaye riƙe da takobi, sannan a shekara ta 77 bayan Hijira ya sauya tsarin baki ɗaya, dinari ya koma rubutu zalla, kalmar shahada da ayoyin Alƙur'ani. Daga baya sunan mai mulki a jikin kuɗi da ambatonsa a huɗubar Juma'a suka zama manyan alamomi biyu na cewa shi ke riƙe da ƙasa. A Daular Usmaniyya ta Turkiyya kowane sarki yana da hatiminsa da ake kira tugra, sunansa da na mahaifinsa a murɗe cikin ƙayataccen rubutu, kuma takardar fada ba ta cika sai da shi.

Hakan bai hana hoto shiga fada ba. Muhammadul Fatih, wanda ya ci Kustantiniyya a 1453, ya nemi birnin Venis ya aiko masa da gwanin mai zane, aka turo Gentile Bellini, ya zana shi a 1480. Sarakunan Mugal ma, kamar yadda aka gani a amsar da ta gabata, sun riƙe masu zane a fadarsu.

Akwai inda ake nuna iko ba tare da fuskar kowa ba?

Akwai, kuma wani lokaci ya fi na fuska ƙarfi. Kujerar Zinariya ta Ashanti a Ghana ita ce misali. Ko sarkin Ashanti ba ya zama a kanta, domin a wurinsu ran al'umma ne ke cikinta, har kujera ta musamman ake ɗora ta a kai. A 1900 gwamnan Ingila, Frederick Hodgson, ya je Kumasi ya ce a kawo masa ita ya zauna. Wannan magana ce ta tayar da yaƙin da Yaa Asantewaa ta jagoranta. Turawa sun ci yaƙin, amma ba su sami kujerar ba, an ɓoye ta.

Mata masu mulki da irin waɗannan alamomi suka yi amfani?

Matsalarsu ita ce yawancin alamomin don maza aka ƙirƙire su: gemu, takobi, sulke, doki. Hatshepsut ta Masar ta ɗauke su kai tsaye, ana sassaƙa ta da gemun ƙarya na fir'aunoni da tufafin sarki namiji. Elizabeth ta 1 ta bi wata hanya. A zanen da aka yi bayan an fatattaki jiragen yaƙin Sifaniya a 1588, hannunta yana kan ƙwallon taswirar duniya, ta taga ɗaya ana hango jiragen Ingila, ta ɗayar kuma na abokan gaba suna farfashewa a gaɓa. A wani zanen tana tsaye ne a kan taswirar Ingila, ƙasar duka a ƙarƙashin rigarta.

A Binin akwai fuskar hauren giwa ta Idia, mahaifiyar Oba Esigie, daga ƙarni na 16, wadda aka jera kawunan 'yan Fotugal a samanta saboda cinikin da ya ƙara wa masarautar ƙarfi. Katarina ta Rasha, haifaffiyar Jamus da ta hau mulki bayan an hamɓarar da mijinta, ta kafa wa Bitrus Mai Girma, tsohon sarkin Rasha, mutum-mutumi a kan doki a 1782, ta sa aka rubuta sunansa na farko, nata na biyu, domin a ɗauke ta magajiyarsa.

Wa ke da ta cewa, mai mulki ko mai zane?

Galibi mai mulki. A ƙaton zanen da David ya yi na naɗin Napoliyon na 1804, mahaifiyar Napoliyon tana zaune a wuri mafi kyau, alhali ba ta halarci bikin ba. An sa ta ne domin iyalin su bayyana a haɗe.

Amma gwani yakan sami ƙofa. Velázquez ya zana Paparoma Innocent na 10 a 1650 cikin jan tufafi da kujerar alfarma, duk abin da ake buƙata yana nan, sai dai ya bar masa idanun mutum mai zargin kowa. Labarin zuciya a tambayi fuska. A 1954 majalisar dokokin Birtaniya ta ba Winston Churchill kyautar zanensa da Graham Sutherland ya yi don cikarsa shekara 80. An nuna shi yadda yake, tsoho a nutse cikin kujera. Ya ƙi jinin zanen, daga baya aka ƙone shi a asirce.

Shugaban da aka zana cikin tufafi marasa ado shi ma iko yake nunawa?

Ƙwarai kuwa. A zanen George Washington, shugaban Amurka na farko, da Gilbert Stuart ya yi a 1796, baƙar kwat ce kawai a jikinsa, ba kambi ba alkyabba, domin Amurka ta fito daga yaƙi da sarauta ke nan. Amma ginshiƙan dutse da jan labule da tsayuwar, duk irin na zanen Luwis ne da aka yi bayani a sama, kuma takobi yana hannunsa na hagu. Sauƙin tufafin shi ne saƙon: wannan mutum ne da jama'a suka zaɓa, zai kuma sauka. Wannan salo ne shugabannin jamhuriya suka gada har yau a hotunan da ake ratayawa a ofisoshi.

Yawan ƙawa a zane alama ce ta cewa mulkin yana da ƙarfi?

Ba lallai ba, kuma a ganina wannan ce tambayar da ta fi muhimmanci. Sau da yawa zane yakan ɗaga murya ne daidai inda mulkin yake ciwo. Hans Holbein ya zana Henry na 8 na Ingila a 1537, ya buɗe ƙafafu, kafaɗu kamar ƙofa, yana kallon mutum ido cikin ido. Shekara guda kafin nan ya faɗo daga doki ya ji mummunan rauni, arewacin ƙasarsa kuma ya yi masa babban bore. Titian ya zana Charles na 5, mai mulkin Sifaniya da Jamus, a 1548 cikin sulke da mashi a kan doki, alhali ciwon gaɓoɓi ya addabe shi. Van Dyck ya ɗora Charles na 1 na Ingila, mutum gajere, a kan ƙaton doki wajen 1637, a 1649 majalisa ta sa aka fille masa kai.

Hoto ma yakan jawo wa mai shi. A farkon shekara ta 44 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) aka buga fuskar Yuliyas Kaisar a kuɗin birnin Rum yana raye, abin da Rumawa suka sani a matsayin ɗabi'ar sarakuna, su kuwa sun tsani sarauta. A watan Maris na shekarar aka kashe shi.

Me ya sa ake rushe irin waɗannan hotuna ko a kwashe su?

Saboda mutane sun yarda hoton yana ɗauke da wani abu na mai shi. Bayan Karakala, sarkin Rum, ya kashe ɗan'uwansa Geta a 211, an bi hotunan Geta ana gogewa. Akwai wani zanen iyalin a Berlin inda uba da uwa da Karakala suke nan, wurin fuskar Geta kuwa tabo ne kawai. Hatshepsut da aka ambata a sama ita ma an kankare hotunanta zamanin Tutmos na 3. A watan Yuli na 1776 mutanen New York suka ka da mutum-mutumin Sarki George na 3 na Ingila, suka narkar da darmarsa suka yi harsashi. Na Saddam Husaini ya faɗi a Bagadaza ranar 9 ga Afrilu, 2003, na Cecil Rhodes, Baturen mulkin mallaka, kuma an ɗauke shi daga Jami'ar Cape Town a 2015 bayan zanga-zangar ɗalibai.

Kwashewa ma irin wannan saƙo ne. Dutsen Naram-Sin da na Hamurabi duka a Susa ta ƙasar Iran aka tono su, domin wani sarkin Elam ya kwaso su ganima fiye da shekara 3,000 da suka wuce. A 1897 sojojin Ingila suka ci Binin suka kwashe dubban kayan fada, aka watsa su a gidajen tarihin Turai da Amurka. Shi ya sa batun dawo da su yake da zafi, kuma a 2022 Jamus ta miƙa wa Najeriya mallakar fiye da 1,000 daga cikinsu.

Idan na tsaya gaban irin wannan zane, ta ina zan fara?

Fara da jikinka. Ɗaga kai ka yi ko sunkuyawa? Yana kallonka ne ko ya kau da kai kamar ba ka nan? Sannan ka duba hannayensa da ƙarƙashin ƙafafunsa, nan ake ajiye manyan saƙonni, kamar taswirar Elizabeth ko sunayen da ke kan duwatsun Napoliyon. Bayan haka ka ƙirga mutanen da ke tare da shi, wa ke kusa, wa aka ƙanƙantar.

Daga nan sai ka karanta ɗan allon bayanin da ke gefe, ka nemi abu biyu: wa ya biya kuɗin aikin, kuma a wace shekara. Je ka duba abin da ke faruwa da mai mulkin a shekarar, kamar yadda aka yi da Henry na 8 a sama. Ka kuma tambayi inda aka fara rataye zanen, domin bangon gidan tarihi ba shi ne mazauninsa na asali ba. Zanen Luwis na 14 tsawonsa ya kusa mita 3, kuma a fadar Versailles aka rataye shi, inda jakadu da fadawa ke tsayawa a ƙasansa suna jiran a yi musu iso.